Soyayya a Cikin Ƙawanyar Agadas: Amsa ga Marubuciyar da Ke Son Mayar da Jarumarta Baya

Malama, ga taƙaitaccen abin da kika tambaya domin masu karatu su bi mu. Kina son rubuta littafin soyayya wanda jarumarsa 'yar wannan zamani ce, sai ta tsinci kanta a zamanin da ya shuɗe, cikin wani garin bakin iyaka da yaƙi ya ritsa da shi, a can kuma ta gamu da wanda zuciyarta ta kwanta da shi. Kin nemi sanin wace ƙawanya ce ta fi dacewa, ta wace hanya za ki kai yarinyar can ba tare da mai karatu ya ja tsaki ba, sannan ko ya kamata ta sauya abin da tarihi ya riga ya tabbatar.

Shawarata ita ce ki ɗauki ƙawanyar Agadas, wadda ta fara a tsakiyar watan Disamba na 1916 ta kuma ƙare ranar 3 ga Maris na 1917. Na san hankalin yawancin marubutanmu zai fi tafiya ga faɗuwar Alƙalawa a 1808 ko shigowar Turawa Kano a 1903, amma kowannensu yana da cikas. Kano ta faɗi ne cikin yini guda, ba a yi zaman ƙawanya ba, soyayya kuwa tana bukatar kwanaki kafin ta yi saiwa. Alƙalawa kuma ta shafi jama'ar Shehu Usmanu da sarautar Gobir, duk kalmar da kika sa a bakin wani daga cikinsu za a auna ta da ma'aunin da ba na adabi ba, kuma za ki ɓata ƙarfinki wajen kare kanki maimakon gyara labarinki. Agadas ta ba ki wajen wata biyu da rabi, ta ba ki garin da Hausa ce harshen kasuwarsa tun kafin wancan lokaci, ta kuma ba ki wani fasali da ba kasafai ake samunsa ba, wanda zan zo kansa bayan na shimfiɗa miki tarihin.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, suka kafa zama na dindindin a Agadas a 1906. A lokacin Agadas ce ƙarshen ikonsu ta wannan fuska, bayanta sai duwatsun Abzin da rairayin sahara, tsakaninta da Damagaram kuwa akwai tafiyar kimanin kilomita 450 wadda rijiyoyi ne ke yanke wa matafiyi inda zai yi zango. Cikin shekaru goman da suka biyo baya abubuwa suka taru suka yi wa Abzinawa yawa. An ɗora musu haraji, ana karɓe musu raƙuma domin jigilar kayan soja, farin 1913 zuwa 1914 ya kashe dabbobi ya kawo yunwar da Hausawa suka sa wa suna Kakalaba, fataucin da ke ratsa sahara zuwa Tarabulus kuma ya yi ta ja da baya tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A wancan gefen, Italiya ta shiga Libiya a 1911, amma zuwa ƙarshen 1914 an fatattaki sojojinta daga Fazzan da ke kudancin Libiya, makamansu da yawa suka faɗa hannun 'yan ɗariƙar Sanusiyya. Ita kuma Faransa yaƙin duniya na farko ya ɗauke mata hankali da mayaƙa.

A cikin wannan hali ne Kawsan ya fito. Ba'abzine ne daga ƙabilar Ikazkazan, ya shiga Sanusiyya, ya daɗe yana gwabzawa da Faransawa kafin ya koma Fazzan. Ya ƙulla yarjejeniya a ɓoye da Sarkin Agadas Tegama, wanda Faransawa ke ɗauka nasu ne, sannan ya sauko da mayaƙa da bindigogin zamani har da igwa daga cikin abin da Italiyawa suka bari. Suka tsare barikin Faransawa, garuruwan Abzin da garin Ingal da ke yamma da Agadas suka koma hannunsu, aka zauna a haka har rundunar Faransawa ƙarƙashin Kanar Mourin ta taso daga Damagaram ta iso ranar 3 ga Maris. Turawan Ingila da ke Najeriya su ma sun tura sojoji domin taya Faransawa tsare garuruwan kudu, abin da ke nuna irin tsoron da lamarin ya jefa wa masu mulkin mallaka a ɓangarorin biyu.

Yanzu ga fasalin da na ambata. A yawancin labaran ƙawanya, mutanen kirki suna cikin ganuwa, azzalumai suna waje, ranar da agaji ya iso kuma ita ce ranar murna. A Agadas abin ya juye. Waɗanda aka tsare su ne sojojin mulkin mallaka a barikinsu da ke wajen gari, 'yan tsirarun hafsoshi Faransawa da sojoji baƙaƙen fata da ke ƙarƙashinsu, garin kuwa shi ne masaukin masu ƙawanyar. Ranar da aka ceci bariki ita ce ranar da masifa ta sauka a kan mutanen gari. Kawsan da Tegama suka janye zuwa duwatsu da mayaƙansu, aka bar waɗanda ba su iya gudu ba ko suka ga ba su da laifin da zai sa su gudu. Malamai da manyan gari suka rubuta wa Kanar Mourin wasiƙa ranar 4 ga Maris suna neman aminci, amma wasiƙar ba ta cece su ba, aka kashe malamai da dama, kuma ana kawo adadin waɗanda aka kashe a bainar jama'a a Agadas da Ingal kimanin mutum 130.

A nan ne littafinki zai tsaya ko ya faɗi. Abin da ya raba labarin komawa baya da sauran labaran tarihi shi ne jarumar ta san abin da ke tafe, mutanen da take ci take sha da su ba su sani ba. Duk garin yana ganin nasara ta kusa, ana jin ƙarar igwa ana kabbara, ita kaɗai ce ke ƙirga kwanaki da faɗuwar gaba. Idan kika riƙe wannan da kyau, ba kya bukatar kishiya mai mugunta ko uwar miji mai tsafi domin ki tayar da hankalin mai karatu, domin kowace safiya da ta waye ta rage kwana ɗaya daga abin da ya saura wa wanda take so.

Sai dai kada ki ba ta ilimin farfesan tarihi. Ki ba ta sani gutsure-gutsure, irin wanda ɗaliba ke fita da shi daga aji ko jika ke tsinta a bakin kakarta: ta san an yi yaƙin Kawsan, ta san Nasara sun dawo a farkon Maris, ta san an kashe malamai, amma ba ta san wane gida aka shiga ba, wane aka tsallake. Sannan ki lura da cewa babu wanda zai gaya mata yau nawa ga Disamba, domin mutanen gari ba da wannan lissafin suke aiki ba. Shekarar 1335 ce ta Hijira, wadda ta kama a ƙarshen Oktoba na 1916. Bikin Biyanu, da mutanen Agadas ke yi a watan Muharram, ya wuce da 'yan makonni kafin a fara ƙawanyar, Mauludi ya faɗo a makon farko na Janairu ana tsakiyar yaƙi, rundunar Damagaram kuma ta iso ne cikin kwanaki goman farko na Jimada Awwal. Azumi bai shigo cikin wannan tsakani ba, sai a watan Yuni, don haka kada ki kuskura ki sa su buɗa baki ana harbin bariki. Ki yi tunanin yarinyar tana zaune a tsakar gida cikin sanyin hunturu, ta lulluɓa da zanen aro, tana tambayar tsohuwar da ta ba ta masauki yaushe aka yi Biyanu, kwana nawa watan ya yi yau, tana zana layuka a ƙasa da tsinke tana ƙoƙarin haɗa lissafin nan biyu, tsohuwar kuma tana kallonta tana tunanin ko baƙuwar tata bugun ƙasa take yi. Wannan ɗan zama kaɗai ya nuna tsoronta, ya nuna baƙuntarta, ya kuma dasa zargin da zai bi ta har ƙarshen littafi.

Batun wanda za ta so kuwa, hanyoyi uku nake gani. Kina iya ɗaukar ɗan fatake daga Kano wanda ya kawo turkuɗin Kura, irin baƙin yadin da Abzinawa ke naɗa rawani da shi, yaƙi ya rufe masa hanyar komawa. Wannan yana da sauƙin rubutawa, amma sauƙin ne illarsa, domin mutumin da ba shi da abin da ya ɗaure shi da garin, da ta ce masa su gudu zai ɗaura wa raƙuminsa kaya su kama hanya, labari ya ƙare a babi na biyar. Kina iya ɗaukar ɗaya daga cikin sojojin da ke cikin bariki, baƙin mutum da aka kawo daga nesa yana yi wa Faransa yaƙin da ba nasa ba. Wannan yana da zurfi ƙwarai, amma yana bukatar gwanintar da ba na ba marubuci shawarar ya gwada ta a littafinsa na farko irin wannan, kuma haɗa su wuri guda zai yi ta wahalar da ke.

Wanda na fi so shi ne ɗalibin wani malami a cikin gari, saurayin da ya tashi a gaban malaminsa, shi ke ɗauko masa buta, shi ke kwafe masa littattafai, shi ke jan ƙananan almajirai karatu idan malam ya gaji. Irin wannan mutum ba zai bar malaminsa ba ko da sama za ta haɗe da ƙasa, kuma wannan amanar tasa ita ce abin da zai sa jarumar ta so shi, ita ce kuma abin da zai kai shi daidai wurin da ta san mutuwa na jira. Kin ga ke nan halin da ya jawo soyayyar shi ne halin da ke barazanar kashe ta, ba ki ɗauko matsalar daga waje kin liƙa ba. Idan ta ce masa, "Malam, don girman Allah ka fita daga garin nan kafin wata ya yi kwana goma," amsarsa ba za ta zama ta wawa ba. Zai tambaye ta wa ya gaya mata, alhali gaibu na Allah ne. Zai ce malaminsa bai ɗauki bindiga ba, bai ci dukiyar kowa ba, me Nasara za su nema a wurin tsoho mai carbi. Zai ce ko da gaskiya ta faɗa, da wane ido zai dubi mutane idan aka ji ya tsere ya bar wanda ya rene shi. Kowace amsa a cikin ukun nan tana da ƙarfi, kuma wajibinki ne ki bar ta da ƙarfinta. Babban aibin da nake gani a labaran komawa baya shi ne mayar da mutanen da wawaye domin 'yar zamani ta fito a mai wayo. Malaman da suka rubuta wasiƙar nan sun yi abin da hankali da shari'a suka nuna musu, wanda suka rubuta wa ne bai mutunta ta ba.

Yanzu sai hanyar da za ki kai ta can. Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne ga labarin mutanen da lokaci ya tsallake da su, ya san ƙissar As'habul Kahfi da suka yi shekara 309 a cikin kogo, ya san wanda Allah Ya matar da shi shekara ɗari sannan Ya tashe shi, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara. Amma ki lura duk waɗannan gaba suka yi, babu wanda ya koma baya, kuma mu'ujizozi ne da ayoyin Ubangiji, ba kayan aikin mai ƙaga labari ba. Saboda haka kada ki yi wa dabararki rigar addini, kada ki sa wata aya ko wani wuridi ya zama mabuɗin ƙofar, domin za ki jawo wa kanki gardamar da ba ta da alaƙa da littafin. Aljanu ma ina ba ki shawarar ki bar su. Masu karatunmu suna karɓar su, gaskiya ne, amma da zarar aljani ya shigo labari sai ya zama shi ne mai iko da komai, mai karatu ya zauna jiran ya zo ya warware matsalar, tsoron ƙawanyar ya zube. Mafarki kuma, wato a ƙarshe ta farka ta ga ashe barci take yi, cin amanar wanda ya bi ki shafi ɗari uku ne.

Abin da ya fi aiki shi ne ki ɗaure al'amarin da wani wuri da wani abu, ki taƙaita bayani, ki kafa doka ki kuma tsaya a kanta. A ce wani tsohon ɗaki ne a tsohon garin Agadas da wani abin wuya na azurfa da ta gada, ƙofar tana buɗewa sau ɗaya ta shiga, sau ɗaya ta fita, kuma fitar tana da ranarta. Mai karatu ba ya neman ki gamsar da shi da ilimin kimiyya, yana neman kada ki yi masa wayo. In kin ce sau ɗaya ce, to kada a babi na ashirin ta leƙo zamaninmu ta sayi magani ta koma.

Isarta garin ita ce inda ya kamata ki fi kashe lokaci, domin a nan ne yawancin marubuta ke yin sauri. Tambayar farko da za a yi mata ba sunanta ba ne, 'yar gidan wa ce, daga wane gari, tare da wane ayari ta zo. Mace baƙuwa da ba ta da uba ko miji ko ubangida a 1916 tana cikin haɗari na gaske. Faransa ta fitar da dokar hana cinikin bayi a yankunanta na Afirka ta Yamma a 1905, amma bauta ba ta gushe daga Abzin da takarda ba, kuma abu mafi kusa da za a zata shi ne baiwa ce ta gudo. Dole wani ya tsaya mata, kuma wannan mai tsayawar, wadda na fi so ta zama dattijuwa mai sana'ar fura ko dukanci, za ta iya zama mutum ta uku mafi muhimmanci a littafin. Ita ce za ta koya mata yadda ake gaida manya a can, ita ce za ta ƙirƙiro mata asali domin rufe bakin maƙwabta, ita ce kuma 'yar aiken da soyayyar za ta bi ta hannunta, tunda budurwa ba za ta tsaya hira da ɗalibin malam a bakin hanya ba.

Ki kuma tube mata duk abin da take taƙama da shi. Wayarta za ta mutu cikin kwana ɗaya ko biyu ta zama abin da dole ta ɓoye. Digirinta ba ya daka gero, tafin hannunta zai yi kanta kafin ta saba da taɓarya, matan gida za su yi ta mamakin wace irin mace ce ba ta iya hura wuta ba. Hausarta ta Kano ko ta Maraɗi cike take da kalmomin da ba a san su ba tukuna, tasu kuma ta cuɗanya da harshen Abzinawa, sai an yi kwanaki kafin kunnenta ya buɗe. Tana karanta boko, amma idan ba ta taɓa koyon ajami ba, a idon saurayin nan jahila ce da ba ta iya karanta ko wasiƙa, wanda hakan ma ƙofa ce mai kyau, domin koyarwa tana halatta zaman da hira ba ta halatta ba, ko da a bayan labule ne kuma a gaban dattijuwa. In kin mai da ita ma'aikaciyar jinya, kamar yadda marubuta da yawa ke so, ki tuna ba a gano maganin penisilin ba sai 1928, don haka abin da ke hannunta bai wuce tafasa ruwa, wanke rauni, tsabtace tsumma da hana a shafa wa ciwo abin da zai ƙara lalata shi ba. Wannan kaɗan ɗin ya isa ya ceci mutum biyu ko uku, ya kuma isa ya sa a fara raɗe-raɗin inda ta samo saninta.

Idan labarin ya kai ga aure, akwai tambayar da mai karatu Bahaushe zai yi nan take: wa ya ba da ita. Ba ta da waliyyi a wannan zamani, mahaifinta ma ba a haifi kakansa ba. Fiƙihu ya riga ya tanadi mafita, domin macen da ba ta da waliyyi shugaba ko alƙali ne ke tsaya mata, amma alƙali zai yi bincike, zai so ya tabbatar ba matar wani ba ce, ba ta cikin idda, ba kuma mallakar wani ba ce. Wannan zaman gaban alƙali babi ne guda mai daɗi, inda dole ta zaɓa tsakanin ƙaryar da za ta ba ta miji da gaskiyar da za ta sa a ce ta taɓu. Ina kuma ba ki shawarar ki bar ta budurwa ko bazawara tun daga zamaninmu. In kika bar mata miji a nan, masu karatu za su bar labarin su koma gardamar hukuncin aurenta, kuma suna da gaskiya.

Sai tambayarki ta ƙarshe, ko za ta iya sauya tarihi. Amsata ita ce a'a ga manyan abubuwa, i ga ƙanana. Rundunar Damagaram za ta iso a ranarta, Kawsan zai janye, za a rubuta wasiƙar, za a kashe waɗanda aka kashe. Waɗannan mutane ne na gaske da jikokinsu ke raye, kuma labarin da ya tashe su domin a ji daɗin ƙarshe ya raina abin da ya same su. Ban da haka, da zarar mai karatu ya gane jarumar tana iya juya yaƙi, sai soyayyar ta koma gefe, littafin ya zama na dabarun soja. Amma takardun tarihi sun yi shiru a kan mafi yawan mutane. Ba su ƙirga matan da suka fice da dare da 'ya'yansu a goye ba, ba su rubuta sunan almajirin da aka aika ƙauye kwana biyu kafin rundunar ta iso ba. A cikin wannan shirun ne kike da 'yancinki. Tana iya kuɓutar da yara biyar, tana iya shawo kan dattijuwarta, tana iya yin nasara ko ta gaza a kan mutum ɗayan da ta fi damuwa da shi, duk ba tare da kin taɓa layi ɗaya na abin da aka tabbatar ba. Wannan kuma ya dace da yadda mai karatunki ya fahimci ƙaddara: an umarci bawa da yin sababi, ba a ba shi ikon sakamako ba.

Mutanen tarihi kuwa ki riƙe su daga nesa. A hango Kawsan yana wucewa cikin mayaƙansa, a ji labarin abin da aka yanke a fadar Tegama daga bakin masu ɗebo ruwa, amma kada ki zaunar da su ki sa musu dogon jawabin da ba su yi ba. Sarautar Agadas tana nan har yau, kuma a Nijar ana tuna Kawsan a matsayin gwarzon da ya yi tsayayya da mulkin mallaka. Wannan bai hana ki nuna nauyin da garin ya ɗauka ba, domin mayaƙa masu yawa da suka zauna wata biyu da rabi a garin da geronsa daga kudu yake zuwa, dole rumbun wani ne ya ciyar da su, kuma da suka tashi janyewa ba kowa suka iya tafiya da shi ba. Bari wata mata a bakin rijiya ta yi musu addu'a, wata kuma ta yi gunagunin buhunta da aka ɗauka, dukansu biyun gaskiya suke faɗa.

Game da ƙarshen littafin, ki san abin da kowane zaɓi ke nufi kafin ki ɗauka. Idan ta zauna tare da shi, ba cikin kwanciyar hankali za ta zauna ba. Bayan Maris na 1917 Faransawa sun bi duwatsun Abzin da farmaki, sun kwashe dabbobi, sun tilasta wa jama'a da yawa barin wurarensu, annobar murar 1918 tana tafe, an kashe Kawsan a yankin Murzuk da ke Fazzan a 1919, Tegama kuma ya mutu a tsare a hannun Faransawa a 1920. Macen da ta san wannan duka ta kuma zaɓi zama ta biya farashi mai tsada, kuma dole ki nuna ta san abin da take saya. Idan kuwa ta dawo, ki guji dabarar nan da ta tsufa, ta a ce ta ci karo da jikan jikansa mai kama da shi sak har murya, domin hakan yana nufin mutumin da muka yi wata biyu da rabi muna so ana iya musanya shi da wani mai irin fuskarsa. Ya fi kyau ta dawo ta nemi abin da ya rage, ta tarar da zuriyar yaran da ta fitar, ko ta sami littafin da ya kwafa da hannunsa a wani gida, ta iya karanta shi saboda shi ne ya koya mata.

Kafin ki rubuta babi na farko, in hali ya yi ki je Agadas. Tsohon garin yana cikin wuraren tarihi na duniya da UNESCO ta amince da su tun 2013, hasumiyar babban masallacin mai tsawon mita 27, wadda aka sake ginawa a 1844, ita ce dai wadda jarumarki za ta gani, kuma ita ce abu na farko da zai tabbatar mata ba wani gari aka kai ta ba, wani zamani ne. Ki zauna da tsofaffin mata ki tambaye su abin da kakanninsu suka ba su labari game da shekarar Kawsan, ki nemi izini kafin ki yi amfani da abin da ya shafi wani gida, ki kuma sauya sunaye. Sannan ki ɗauki takarda ki jera kwanakin ƙawanyar tun daga tsakiyar Disamba har 4 ga Maris, kowace rana da takwararta ta Hijira a gefe, ki sa alama a ranar da suka fara ganin juna, ranar da ta fara faɗa masa abin da ta sani, da ranar da ya ba ta amsarsa ta ƙarshe. Tazarar da ke tsakanin waɗannan ranaku uku ita za ta gaya miki yawan babobin da kike bukata da kuma inda za ki rage gudu.